Ƙarar Makarantar Kurame

"Ba zan janye ba, Baba."

Ya ajiye hular aikinsa a kan firij, ya dube ni kamar baƙuwa. Baba direba ne a hukumar ilimi, ni kuwa hukumar na maka a kotu. Ta rufe makarantar kurame da ƙanwata Auta ke zuwa, ta mai da azuzuwan ma'ajiyar karyayyun kujeru. Doka ta ce sai an saurari iyayen yara kafin a rufe makaranta. Ba wanda aka saurara, kwaɗo kawai aka tarar a ƙofa.

"Motar da nake ja ita ta kai ki inda kika koyo wannan fitsarar," in ji shi.

Yaya yana kwance a doguwar kujera yana danna waya. "Baba, ƙyale lauya ta yi aikinta mana. Ko shari'ar akuya ba ta taɓa yi ba, ta fara da gwamnati."

Ranar zama na tafi da Auta, na zaunar da ita a bencin gaba. Alƙali ya ce ba aikinsa ba ne ya auna ko rufewar dabara ce ko wauta, nasa shi ne ya duba ko hukuma ta bi doka. Amma kafin nan, sai mai ƙara ya nuna abin ya taɓa shi fiye da kowane mai wucewa a titi.

Lauyan hukuma, wani dattijo mai yawan murmushi, ya miƙe.

"'Yata, ke ɗaliba ce a makarantar?"

"A'a."

"Malama? Ko kina da ɗa a ciki, ba mu ji labarin suna ba?"

Aka yi dariya. Na ce da sunan Auta na shigar da ƙara, ni na tsaya mata ne don ba ta kai shekaru ba.

"Madalla. To, bari mu ji daga bakin mai 'ya."

Baba ya shigo da kakin aiki. Ashe shi ya tuƙo lauyan zuwa kotu. Ya yi rantsuwa, ya ce shi ne uba, bai aiki kowa ba, ba shi da ƙorafi. Da ya tsaya nan da ya isa. Amma ya hango shugabansa a zaune, sai ya ƙara.

"Yarinyar ma, ranka ya daɗe, ba abin da take ganewa. Kai ta can ɓata lokacin malamai ne."

Ya manta abin da makarantar ta fara koya mata ke nan: karanta leɓe. Idonta na kan bakinsa har ya gama.

Alƙali ya kori ƙarar, ya ce ba ni da hurumin shigar da ita. Ko kalma ɗaya ba a yi a kan kwaɗon ba.

Na bi gidajen iyayen yara ɗaya bayan ɗaya. A ba ni ruwa, a yi mini fatan alheri, a rako ni ƙofa. Daga ƙarshe wata mai ɗinki, wadda mijinta ya rasu ya bar mata ɗa kurma, ta ɗaga ƙafa daga kan keke ta ce, "Ni ba mai kora ta daga aiki. Sa sunana." Na sake shigar da ƙara. Wannan karon an karɓa, kuma ana ta ɗage zama.

Da Baba ya ji, ya fito da akwatina tsakar gida. Mama ta tusa mini bargo a ciki ba tare da ta kalle ni ba. Yanzu a shagon mai ɗinki nake kwana, tsakanin ƙyallaye.

Ban yi nadama ba, ba kuma zan janye ba. Amma na rasa gidanmu, na rasa Auta. In na tare ta a bakin layi na ɗaga hannu zan yi mata magana, sai ta rufe ido, ta tsaya a haka har in tafi. Ni na kai ta inda ta ga abin da ubanta ya ce.