Makullin Yana Wurin Auta

Ƙarfe goma da rabi na safe Yaya ya jawo wa kansa abin da ya ɓata masa yini, kuma aikin bai ci minti biyu ba. Ya shiga bayos, wato shafin nan da ake saita cikin kwamfuta kafin ta gama tashi, ya nemo inda aka rubuta gudun ram, wato sandunan ƙwaƙwalwar da take aiki da su, ya ɗaga shi daga dubu uku da ɗari biyu zuwa dubu huɗu da ɗari huɗu, ya ce ta adana. Allo ya yi baƙi. Ya jingina da kujera yana jira, har da ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Fanka ta juya, ta tsaya, ta sake juyawa, ta sake tsayawa. A karo na uku ta ci gaba da juyawa abinta, amma allon bai ce uffan ba.

A yi masa adalci, Yaya ba ɗan koyo ba ne a harkar inji. Shekara ashirin da biyu ya yi yana gyaran injuna a masaƙa kafin a rufe ta, kuma a can idan ya kasa kunne a jikin inji sai ya faɗa maka ƙarfen da ke ciwo. Matsalarsa ɗaya ce tun yana yaro: ba ya iya ganin abu yana aiki lafiya lau ya ƙyale shi. A ganinsa duk wani inji yana da sauran ƙarfi da masu ƙera shi suka ɓoye don tsoro. Sati uku yana kallon kwamfutar nan tana jan ƙafa duk lokacin da za ta buɗe babban zane, sai ya ga wani a waya yana bayanin yadda ake ƙara wa ram gudu. Mutumin ya ce a riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan. Yaya ya ji kaɗan-kaɗan ɗin, amma ya ɗauka da matsorata ake.

Kwamfutar kuwa ba tasa ba ce. Ta ƙanensa ce, Auta, mai zanen gine-gine, wanda ya ba shi wurin zama a ofis bayan ya shekara guda a gida ba aikin yi. Yaya ne ya goya shi, shi ya koya masa hawan keke, yau ga shi yana buga masa takardu yana amsa masa waya. Auta bai taɓa ɗaga masa murya ba. Ranar farko ma da zai kafa masa sharaɗi, ƙasa yake kallo. Ya ce, "Yaya, komai na ofishin nan naka ne. Kwamfutar ce kawai, don Allah a bar ta yadda take." Yaya ya yi dariya a ranar, ya ce shi ina ruwansa da kayan yaran zamani.

Yau kuwa, Yaya ya kashe kwamfutar ta bayan akwatinta, ya zare waya daga soket, ya danne maɓallin kunnawa yana ƙirga talatin. Ya mayar. Fanka ta tashi, allo shiru. Ya canza wayar allon, ya canza ramin da take shiga, ya zare firinta da kibod da duk abin da ke maƙale a jikinta. Babu abin da ya sauya. Da ya durƙusa ya leƙa ta ramukan shan iska, sai ya hango wata 'yar fitila ja tana ci a gefen ram, ba ta ko ƙiftawa.

Ya koma bincike a wayarsa ta hannu. Maganin bai da wuya ko kaɗan, kuma wannan ne ya fi ba shi haushi. Akwai ɗan batir kamar kwabo a cikin akwatin, shi ke riƙe wa kwamfuta saitinta. A cire shi minti biyar, a mayar, sai ta manta da duk abin da aka gaya mata. Aikin ɗan yatsa ɗaya ne. Sai dai murfin akwatin yana da kwaɗo a baya, ƙarami mai ruwan tagulla, kuma makullin yana cikin tarin makullan Auta, Auta kuwa yana can ƙarshen gari wurin wani gini.

Yana nan durƙushe aka ƙwanƙwasa ƙofa. Magini ne, ƙaton mutum mai furfura a gemu, wanda ke riƙe da aikin wani bene da Auta ya zana.

"Babban Yaya, addu'a ake yi mata ne?"

"Ƙura nake dubawa," in ji Yaya, ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

"To madalla. Zanen matakalar nan na zo karɓa, wanda aka gyara jiya. Injiniya ƙanenka ya ce yana ciki, bugawa kawai za a yi. Ƙarfe biyu motar kankare za ta iso, masu ɗaurin rodi na can sun zuba mini ido."

"Yanzun nan. Tana ɗan shan iska ne."

Magini ya jawo kujerar baƙi ya zauna. Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon tayil, dogo kuma siriri, da tebur biyu a jere, da babbar firinta a ƙurya, da taga ɗaya mai ƙarafa wadda fenti ya liƙe tun kafin su kama wurin. Kujerar baƙi ba ta da wurin zama sai bakin ƙofa. Da Magini ya miƙe ƙafafunsa, hanya ta toshe gaba ɗaya. Ko bayan gida Yaya zai je, sai ya ce a ɗan matsa masa.

Ya zauna gaban baƙin allo yana taɓa kibod kamar mai wani aiki. A cikin kansa kuwa lissafin mafita yake yi, kowace ya bi sai ya tarar da bango. Akwai filaya a jakarsa, kwaɗon nan ba zai yi masa gardama ba. Amma karyayyen kwaɗo ya fi kowane baki iya ba da labari. Ya sayo irinsa a ƙasa ya maye gurbin? Makullin Auta ba zai buɗe shi ba. Ya ce ita ta mutu da kanta? Duk mai gyaran da aka kira, da ya ga jar fitilar zai tambaya wa ya shiga bayos, kuma mutum biyu ne kaɗai ke zama a ɗakin nan.

"Ni fa injin kwaɓa siminti na idan ya yi haka, duka ɗaya nake ba shi a ƙeya," in ji Magini. "Ko in gwada mata?"

"Wannan ba ta son duka."

"'Yar gata ce ke nan."

Yaya ya yi murmushin dole. Ya zaro wata siririyar waya daga jaka, ya miƙar da ita, ya lanƙwasa bakinta, ya sake durƙusawa. Da ya haska fitilar wayarsa ta ramukan, ga batir ɗin can yana ƙyalli, bai fi taƙi ɗaya daga hancinsa ba. Ya zura wayar a hankali. Ta wuce fanka, ta wuce wasu igiyoyi, sai ya ji bakinta ya gogi wani abu da ba batir ba. Nan hannunsa ya tsaya. Ya san wannan jin tun a masaƙa, lokacin da ƙaramar ɓarna ke shirin zama babba. Ya zaro wayar yana gumi, ya tura ta ƙarƙashin tebur da ƙafa.

Sha biyu ta wuce. Ɗakin ya ɗauki zafi, warin fenti da na takarda ya cika shi. Wayar Magini ta yi ƙara sau uku, kuma kowane kira muryarsa na ƙara gajarta. A na ukun ya ce, "Ku jira ni, na ce ku jira," ya kife ta a cinya. Barkwancin ya ƙare. Ya dubi Yaya sosai.

"Babban Yaya, ka gaya mini gaskiya. In ba zai samu ba, in san abin yi. Kankare ba ya jiran kowa, in ya sandare a mota ni za a tsine wa."

Kunya ce ta kama Yaya, irin wadda ke sa mutum ya ji rigarsa ta yi masa nauyi. Ba tsoron faɗa yake ba, ai da Auta mai faɗa ne da abin ya zo da sauƙi, a yi hayaniya a wuce wurin. Abin da yake tsoro shi ne ya tabbatar wa yaron nan cewa sharaɗin da ya kafa yana da dalili, cewa yayan nasa mai shekara hamsin da uku ba mutumin da za a bar wa ɗaki a fita ba ne. Ya ɗauki waya. Babu inda zai keɓe ya yi magana, don haka a gaban Magini ya kira.

"Yaya, lafiya?"

"Lafiya lau. Kwamfutar ce ta ƙi tashi."

"An ɗauke wuta ne?"

"Akwai wuta."

Ana jin ƙarar guduma daga can.

"An taɓa wani abu a ciki?"

Magini ya mayar da idonsa kan silin, ya shiga nazarinsa kamar shi aka ba kwangilar gyarawa.

"Na ɗan ƙara wa ram gudu," in ji Yaya. "Batir ɗin kawai za a cire. Makullin nake nema."

"To. Ga ni nan zuwa."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Minti arba'in ya ɗauka, fankar kwamfuta tana ta juyawa, har Yaya ya gaji da jin ta ya kashe.

Auta ya shigo da hular kwano a hannu, takalmansa duk siminti. Ya gaida Magini, ya ba shi haƙuri, ya gaida Yaya da ladabi kamar kullum, har da tambayar ya ƙafar Inna ta kwana. Ya tsuguna ya buɗe kwaɗon, ya zare murfin, sannan ya tsaya yana kallon cikin akwatin. Shi zane ya sani, cikin inji ba fagensa ba ne.

"Matsa in gani," in ji Yaya.

Ya taɓa ƙarfen akwatin tukuna, ya sa farce ya ɗan tura maƙallin, batir ya faɗo a tafinsa. Suka jira minti biyar su uku suna kallon agogon bango. Ya mayar, ya kunna. Fanka ta tashi, jar fitilar ta kama, allo ya ci gaba da zama baƙi. Magini ya ja dogon numfashi. Auta ya dubi agogo.

Yaya ya sake durƙusawa. Ya kashe, ya zare sandunan ram ɗin duka biyu, ya goge bakinsu da gefen hankici, ya mayar da ɗaya kaɗai har sai da ya ji ta ce ƙas. Ya kunna. Jar fitilar ta kama, ta ɗan jima, ta mutu. Rubutu fari ya fito a allo. Ya sake kashewa, ya mayar da ta biyun, ta sake tashi lafiya kamar ba ita ba.

Ƙarfe ɗaya da kwata firinta ta turo zanen matakala. Magini ya naɗe shi, ya soke a hammata, fara'arsa ta dawo.

"Injiniya, ka riƙe yayan nan naka da kyau. Shi ya kashe, shi ya raya."

Ya sauka yana dariya, ƙofa ta samu sarari a karo na farko tun safe. Yaya ya gyara tsayuwa. Ai dai ya gyara, kuma a gaban shaida. Har ya fara shirya yadda zai yi bayanin cewa da a dubu uku da ɗari shida ya tsaya, da ta ɗauka lafiya lau.

Auta ya mayar da murfin, ya zauna a kujerar, ya sake kunna kwamfutar ya shiga bayos. Ya gyara kwanan wata da agogo, waɗanda cire batir ya goge. Daga nan ya matsa zuwa wani shafi, wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar allo yana neman a sa sabuwar kalmar sirri. Yaya yana tsaye a bayansa, yana ganin komai. Auta ya ɗora yatsunsa a kan kibod, bai danna ba. Kunnuwansa kawai Yaya ke gani, da yadda ya sunkuyar da kai.

"Yaya," ya ce a hankali, "ko za ka ɗan duba mana firinta, ko takarda ta kusa ƙarewa?"

Daga inda suke ana hango naɗin takardar, ko rabi ba a ci ba. Yaya ya taka zuwa ƙurya, ya tsaya yana fuskantar bango, ya ɗora hannu a kan murfin firintar. A bayansa ya ji dannawa takwas, a hankali, don kada su yi ƙara. Aka ɗan tsaya, aka sake danna takwas.

"Akwai takardar, Yaya?"

"Akwai," in ji Yaya. Bai juyo ba sai da ya ji kujera ta motsa.