Ranar da Kwazazzabo Ya Shigo Ajinmu

Daren jiya mafarki ya ɗauke ni ya ajiye a ajinmu na babbar sakandare, ana tsakiyar darasin kimiyyar ƙasa da muhalli. Komai yana nan yadda na san shi, sai dai allon a ƙasa yake shimfiɗe, muna leƙa shi kamar masu leƙen rijiya.

Malama Hansatu, mai koya mana darasin, ta shigo da sabon ɗalibi. Kwazazzabon nan ne na bayan gidanmu, wanda kowace damina sai ya ƙara matsowa kusa da ɗakin kakata Iya. Ya sa farar riga ta sha guga, bakinsa jawur da jar ƙasa.

"Ku matsa masa," in ji Malama. "Ya zo ya ji abin da ake faɗa a kansa ne."

Ya zauna kusa da ni, ya gaishe ni cikin ladabi, sannan ya juya ya cinye bencin bayanmu. Waɗanda ke kai suka ci gaba da rubutu, suna zaune a kan iska.

"Sahura, yaya jikin Iya?" ya tambaye ni.

"Da sauƙi."

"In an tashi zan biya in gaishe ta. Ɗakin nan nata ya daɗe yana yi mini ƙamshi."

Iya ko bakin zaure ba ta kaiwa sai da sanda.

Sai ga ni a ofishin shugaban makaranta. Wani ƙaton kwaɗo ne mai tabarau, yana zaune cikin randa.

"Ranka ya daɗe, sabon ɗalibin nan zai cinye ɗakin kakata."

"Ya makara yau?"

"A'a."

"To, ba mu da hurumin korarsa. Ai ku ake koya wa ƙasa. Ni ruwa na karanta." Ya nutse.

Ban san yadda aka yi ba, na tsinci kaina a tsakar gidanmu. Kwazazzabo ya riga ni. Ya gama da katanga yana lasar yatsu, Iya kuwa tana miƙa masa kwanon sha.

"Iya, kar ki ba shi ruwa! Ruwa ne ke ƙara masa yunwa!"

"Ikon Allah," in ji Iya. "Baƙo ya zo a hana shi ruwa? Wannan wane irin boko ne?"

Ya durƙusa zai gaishe ta, dokin ƙofarta ya fara tsagewa. A nan ne na ga kansa: tal, ko tsinke babu. Maganar Malama ta faɗo mini, cewa ƙasar da saiwa ta riƙe ba ta bin ruwa.

"Zo in yi maka kitso," na ce.

"Ba ni da gashi."

"Na zo da shi."

Na buɗe jakar makaranta. Babu littafi ko ɗaya, sai ciyawar jema da dogayen saiwoyinta. Na zaunar da shi tsakanin gwiwoyina, na shiga dasawa ina kitsewa, layi-layi a gicciye.

"Kina ja da yawa."

"Sai an ja yake kamawa."

Can ya ce, "Ni fa ba mugunta ba ce. Ruwa ke ingizo ni ta baya. Babu wanda ya taɓa ce mini in zauna."

Ana haka ruwan sama ya shigo ta zaure da ƙafarsa, a guje, ba sallama. Da ya iso layin farko ya tsaya ya cire takalmi. A na gaba ya fara rarrafe. Kafin ya kai ƙeya ya shige ƙasa, sumul.

Kwazazzabo ya yi hamma, bakin ya tsuke ya koma kamar na buta. Ya jingina kai da gwiwata ya yi barci, dab da ƙofar Iya. Ɗakin ko gezau. Iya ta cire mayafinta ta lulluɓa masa.

Malama Hansatu ta leƙo daga cikin rumbu, ta duba kitson. "Na ƙarshen ya karkace," ta ce, "amma zai riƙe."

Na buɗe baki zan yi godiya, sai ƙarar injin markaɗen maƙwabta ta farkar da ni. Ta taga na ji muryar Iya, garau, tana faɗa wai na bar wake a jiƙe har rana ta fito. Ban taɓa jin daɗin faɗa kamar na yau ba.