Waƙar Lallen Shirin

Muryar mahaifiyata Hajiya ta salwanta ranar da Medhat, ƙanin matata, ya sauya wa kwamfutar gidanmu babbar manhaja.

Yana kurɓar shayina ya ce, "Tsohuwar ta gaji, Baban Shirin. Wannan kyauta ce, ga gudu kamar jirgin Iskandariya."

Na ce, "Waƙoƙin Hajiya fa?"

"Kai dai burodi ka sani. Bar mini wannan."

Ashe sai da ya goge komai ya ɗora sabuwar, har waƙar da marigayiya ta rera don bikin jikarta Shirin.

Kwamfuta kam tana gudu. Ranar lallen Shirin waƙar kasuwa aka sa. Ta zauna tana kuka, hannu duk ɗanyen lalle, ko hawayen ba ta iya sharewa ba.