Bangon Kicin

Tun da Malam ya yi ritaya daga koyarwa, ya kasa zama wuri ɗaya. Kullum yana zagaye gida da igiyar awo, yana auna bangon da ya raba kicin da sito. Kuɗin sallamarsa aiki ɗaya kawai za su yi: ko a rushe bangon a faɗaɗa kicin, ko a sake rufin falo. Yau ya ce kicin, gobe ya ce rufi.

Ranar da magini ya zo karo na uku, Malam ya tsaya yana shafa bangon.

"In siminti ya ƙara tsada fa? Bari dai mu sake dubawa."

Magini ya fara mayar da kayansa cikin buhu. "Malam, wani aikin yana jirana. In kun tsai da magana, a kira ni."

Matar Malam tana tsaye tsakanin murhu da tulin tukwane, inda ta shekara ashirin tana juyawa da ƙyar. Ta goge hannu, ta ce wa magini, "Ara mini gudumar nan." Ta kai wa bangon duka biyu. Filasta ta zube, bulo ɗaya ya rufta.

"Baban yara, yanzu ko a gyara ko a rushe. Wanne ya fi sauƙi?"

Malam ya leƙa ramin, ya dubi magini.

"Rushewa," in ji magini.

Kafin la'asar bangon ya sauka. Malam yana ta kai da komo da baro cike da ɓaraguzai, yana tambayar magini ko tagar ma ba ta yi ƙanƙanta ba.