Maganin Gwiwar Inna Hajo

Martha na ƙoƙarin zura takalmi, hannunta riƙe da kati, bakinta na ta motsi.

"Alamomin litiyam, maganin lalurar ƙwaƙwalwa, ya yi yawa a jini: karkarwar hannu, amai, gudawa, tangaɗi, nauyin harshe." Ta juya katin. "Abin da ke jawowa: ƙarancin ruwa a jiki, da irin magungunan ciwon gaɓɓai."

Wata huɗu ke nan tana fama da katunan nan. Ta manna su a bango, a jikin firij, har a ƙofar banɗaki, har mijinta Timothy ya ce ko shi aka tura zai ciyo mata jarrabawar. Shekara goma sha ɗaya tana aikin nas, burinta kuwa ta koma ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa. Bara takardar magunguna ce ta kayar da ita, da maki uku kacal. Yau ƙarfe tara za a sake, kuma duk wanda ya makara sai baɗi.

Takwas saura kwata ta leƙa gidan maƙwabciyarta, Inna Hajo. Tun da suka tare a Ƙofar Kaura ba ta fita wani babban al'amari sai tsohuwar ta sa mata albarka. Tun shigowar azumi kuwa, kullum la'asar sai kwanon ƙosai da kunun tsamiya sun ƙetaro katanga.

"Inna, ina kwana? Ya ibada? Ya gwiwar?"

"Lahiya lau, Maman Faith. Gwiwa kam ta yi sauƙi, Allah shi yi maki albarka. Maganin nan naki akwai aiki."

Martha ta yi murmushi. Kwana goma da suka wuce ita da kanta ta kawo mata maganin daga kemis, ta ce sau biyu a rana. Sai dai murmushin bai daɗe ba. Maganar Inna na fitowa a daƙile, kamar mai tuwo a baki, carbin hannunta kuma sai kaɗawa yake yi. Da ta miƙe za ta yi mata addu'a, sai da ta dafa bango.

"Azumi ne da zahin rana," in ji Ramla, ɗiyar Inna, tana fitowa daga ɗaki da fo. "Jiya kwana ta yi tana amai. Na ce ta sha ruwa, ta ce ita ba ta taɓa ajiye azumi ba."

Martha ta sake duban hannun Inna.

"Inna, akwai wani magani da kike sha bayan nawa?"

"Na hawan jini ne kawai."

"Ramla, ɗauko mini in gani."

Ramla ta dubi uwarta, uwar ta kawar da kai. Can ta shiga ɗaki ta dawo da gwangwanin madara, cike da fararen ƙwayoyi, babu kwali babu suna.

"Ina kwalin?"

Sai Ramla ta sake shiga, ta zaro shi daga ƙarƙashin katifa, an ninke shi gida huɗu. Martha ta warware. Sunan da ta wayi gari tana nanatawa ne a jiki: litiyam.

"Shekara tara ina sha," in ji Inna a hankali. "Tun rasuwar Malam kaina ya taɓu. Ki ruha mani asiri, ɗiyata. Bayan Sallah za a kawo lehen Ramla. In dangin mijin suka ji, mi kike tsammani?"

Tausayi ya kama Martha, kunya kuma ta rufe ta. Ita mai katuna har a banɗaki, ta miƙa wa tsohuwa magani ba ta ko tambayi abin da take sha ba.

Ta duba agogo, takwas da minti goma. Makarantar da za a yi jarrabawar na hanyar Batagarawa, asibiti kuma can cikin gari.

"Ki tahi jarrabawarki," in ji Inna. "In an sha ruwa da magariba zan warware."

"Inna, ba za a jira magariba ba. Ramla, tsayar da keke-napep."

A ɗakin gaggawa aka kwantar da Inna, aka ɗaura mata ƙarin ruwa, aka ɗebi jini. Likitan, wani dattijo mai furfura, ya tambayi wanda ya kawo ta. Martha ta matso ta zayyana masa komai: litiyam nawa take sha, tun yaushe, azumi, amai, karkarwa, da maganin gwiwar da ya hana ƙoda fitar da litiyam ɗin. Ko sau ɗaya ba ta yi tuntuɓe ba. Agogon bango ya nuna tara da rabi.

"Madalla, Sista, kin san aikinki," in ji likitan, yana rubutu. "Da an kai dare da labari ya sha bamban." Ya ɗaga kwalin maganin gwiwar yana girgiza kai. "Wane mai kemis ne ya ba ta wannan?"

Daga kan gado Inna ta yi caraf, da harshenta mai nauyi. "Ni na saya da kaina, likita."

Martha ta dubi tsohuwar, ta gyara mata mayafi.

"A'a, Dakta," ta ce. "Ni ce na ba ta."