Tawada a Yatsan Hikima

Madina ta buɗe jakarta ta fito da ɗan akwatin tawada, ta ajiye shi a kan darduma kusa da farantin dabino, sai hirar ɗakin ta tsaya cak. Mata bakwai ne zaune a ɗakin Inna Indo ungozoma, a wani lungu na unguwar Hindawiyya da ke Jidda, biyar daga cikinsu da ciki. Yanzun nan suke yi wa Madina dariyar Hausarta, wadda ba ta iya jera kalma biyar ba ta jefa Larabci ba. Yanzu ba a jin komai sai tsohon mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana kakari a bango, yana hura iskar da ba ta sanyaya kowa.

Madina ba ta lura ba, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi a labarinta, duk da tausayinta da nake ji. A Jidda aka haife ta, a Jidda aka haifi ubanta. Kakanta ne ya taso daga Kazaure a ƙafa zuwa Hajji, bai koma ba, ya bar wa zuri'arsa takardar zama 'yan ƙasa. Ba ta taɓa canza hanya don ta hango motar askarawa ba.

Shekara tara tana aikin jinya a ɗakin haihuwa, ta gaji da ganin ana kawo matan Hausawa a ƙurarren lokaci, wasu ma sun riga sun cika a mota. Shi ya sa da aka buɗe karatun digiri na biyu na horar da ma'aikatan lafiya su jagoranci kiwon lafiya a cikin mutanensu, ta kai sunanta da gudu. Malamarta, Duktura Mashael, ta ce mata waɗannan mutane ba sa buɗe wa baƙo ƙofa, amma ita za su buɗe mata. Suka tsara aikin: Madina ta tattaro masu ciki marasa iƙama, wato takardar izinin zama, wata likita kuma ta yarda ta riƙa zuwa duk Asabar tana duba su, ba tambayar takarda. Sharaɗi ɗaya jami'ar ta gindaya. Duk wadda za ta shiga sai ta sa hannu a takardar amincewa, wadda ba ta iya rubutu ba ta dangwala yatsa.

A wurin jami'a, kare haƙƙin matan ake yi. Su kuwa matan sun san sau biyu ake ɗaukar yatsan mutum a ƙasar nan: ranar da ya sauka daga jirgi, da ranar da aka kama shi za a yi tarhil da shi, a mayar da shi gida a rufe masa ƙofa. Basma suke ce masa, kuma ba sa faɗar sunan da ƙarfi.

Sajida mai ƙosai ce ta fara tuna ta bar wake a jiƙe. Wata ta tuna mijinta ya kusa dawowa. Kafin Madina ta gama bayani an zare jiki ɗaya bayan ɗaya, saura Hikima kaɗai, ita ma nauyin jiki ne ya hana ta saurin tashi.

Hikima matar Lado ce, 'yar Gumel. Umara ta kawo su shekara huɗu da suka wuce, suka zauna. Cikinta na fari ne, wata takwas. Ƙafafunta sun kumbura har takalmin mijinta ta saƙalo, kuma ta ce kwana biyu kanta kamar ana sara. Madina ta gwada jininta sau biyu. Ta ce mata jinin ya hau sosai, a yau ya kamata ta je asibiti, domin irinsa ne ke kawo jijjiga ya tafi da uwa da ɗa. Hikima ta yi ɗan murmushi, ta ce ai shiga asibiti ba wuya, fitowar ce ba ta da tabbas. To, in ji Madina, ta daure zuwa Asabar, likita za ta zo har ɗakin nan da magani, amma sai wadda ke cikin tsarin.

Hikima ta daɗe tana kallon akwatin.

"Sista, tsakaninki da Allah, takardar nan ba za ta kai hannun hukuma ba?"

"Wallahi abadan, ya Hikima. Ni zan kulle ta da hannuna."

Ta miƙa babban yatsanta. Inna Indo ta kawar da kai tana gyara garwashin kaskon turare.

* * *

Ran Laraba da hantsi aka yi kame a bakin titi. Ba sabon abu ba ne, kusan duk wata ana yi. Amma a cikin waɗanda aka zuba a mota har da Sajida, tana tsakiyar suya, kuma kowa ya san tana ɗakin ranar da aka fito da tawada. Ba wanda ya tsaya tuna cewa Sajida ba ta dangwala ba, ko sunanta ma ba a rubuta ba. Kafin azahar zance ya gama zaga Hindawiyya har ya leƙa Ammariyya, wai jikar Bakazaure tana tara wa hukuma basma.

Asabar Madina ta iso da likita da jakar magani. Ɗakin Hikima a buɗe yake, ba labule, ba katifa. Inna Indo ba ta ce su shigo ba, a bakin ƙofa ta tsaya ta riƙe ƙyaure.

"Khala, ina Hikima? Jininta yana sama, wallahi hatsari ne."

"Lado ya ɗauke ta. Kada ki tambaye ni ina."

"Ki yarda da ni, ba ni da hannu a kamen nan."

"Na sani, 'yar nan. Ni na yanke miki cibiya, na san gidanku ba azzalumai ba ne. Amma shekara arba'in ina karɓar haihuwa a lungun nan, ban taɓa tambayar mace ko sunan ubanta ba, shi ya sa suke zuwa. Ke rana ɗaya kika zo kika nemi yatsa."

Da ƙyar, bayan roƙo, tsohuwar ta ce ta ji ana ambaton Khumra.

* * *

Khumra ba unguwar da ake neman mutum ba ce. Manyan ɗakunan ajiyar kaya ne jere da garejoji, bayansu kuma ɗakunan leburori iri ɗaya, kowace ƙofa kamar 'yar'uwarta. Kwana shida Madina tana zuwa bayan ta tashi aiki, tana tsayar da duk wanda ta ji yana Hausa. Da sun ji harshenta, sun dubi motarta, sai su ce ba su san wani Lado ba. Wani ma cewa ya yi shi ba ya jin Hausa, da Hausa kuma ya faɗa.

Ta koma wurin Duktura Mashael tana kuka, ta roƙi a yarda matan su amince da baki kawai, a jefar da tawadar. Malamar ta ji zafin abin, har ga Allah, ta rubuta wa kwamitin jami'a takarda a ranar. Sai dai kwamitin ba zai zauna ba sai bayan mako shida. Ta shawarce ta da ta rubuta duk abin da ya faru a babin matsalolin da bincike ya fuskanta, domin darasi ne babba ga mai son jagoranci. Madina ta fito ta zauna a mota, ta ji ta tsani karatun, ta tsani kanta.

Rana ta goma sha tara da dangwalen yatsan, wajen ƙarfe goma na safe, Inna Indo ta kira ta a waya. Ba gaisuwa, kwatance kawai ta yi mata, ta ce yalla, ta yi sauri.

Ta yi saurin, amma ta tarar an riga an ja wa Hikima zane har fuska. Hikima ta haihu da safe, mace, 'yar mitsitsiya. Bayan haihuwar jijjiga ta kama ta. An yi hayaƙi, an yi tofi, Lado ya fita neman mota sau biyu yana dawowa daga bakin hanya saboda tsoro. Yana tsugune a bakin ƙofa, bai ɗago ya dubi Madina ba.

Ta durƙusa ta kamo hannun Hikima da ya leƙo daga zanen. Babban yatsan ya saluɓe, ja wur, fatar ta tafi. Inna Indo ta ce tun ranar kamen take dirzarsa da ruwan wanke banɗaki, ko da tawadar ta fita ba ta daina ba.

* * *

Kafin a ba da izinin binne ta sai da Lado ya kai kansa wurin hukuma. An binne ta, aka ɗauki basmarsa, aka sa shi a jirgi. Jaririyar ta zauna hannun Inna Indo da sunan uwarta.

Kwamiti ya zauna a kan lokacinsa, ya amince a riƙa karɓar yarda da baki. Sai dai babu macen da ta rage da za a tambaya. Madina ta kammala karatunta a kan wani aikin daban, aka yaba wa babin matsalolinta fiye da kowane babi, har aka ce za a riƙa karanta wa sababbin ɗalibai shi.

Ranar da ta karɓi shaidar kammalawa ba ta wuce gida ba. Ta buɗe akwatin da ta kulle, ta ɗauko takardar amincewa ɗaya tak da ke ciki, ta nufi Hindawiyya. Ta sami Inna Indo tana jijjiga yarinyar a cinya. Ta miƙa mata takardar, ta ce Hikima ba ta bar ko hoto ba, a ajiye wa yarinyar wannan, wata rana ta ga hannun uwarta.

Tsohuwar ta kai takardar kusa da ido, ta daɗe tana kallon zanen yatsan.

"Allah ya saka miki, 'yar nan. Amma yarinyar nan ba ta da takarda ko ɗaya a duniya. Ba na so a shigo a sami wannan a ɗakina."

Ta ninke ta biyu, ta ɗora a kan garwashin kaskon turare. Madina ba ta hana ta ba. Wutar ta fara cin tambarin jami'a, ta gangaro kan rubutun, ta ɗan tsaya a wurin tawadar kafin ta wuce. Hayaƙin ya sa yarinyar tari, Inna Indo ta juyar da fuskarta wajen ƙofa.