Katifar da Ta Dawo Gida

Katifar ta maƙale a ƙofar ɗakina, rabi ciki rabi waje. Ni ina turawa daga baya, Yaya tana ja daga tsakar gida tana haki.

"Karkata ta, Tela," ta ce. "Ai a karkace ta shiga."

Ita ta sani, don da hannunta ta shigo mini da ita shekarun baya. Na karkata, katifar ta sulɓe ta faɗi a kan siminti. Tsohuwa ce ta auduga, yadinta mai ratsin shuɗi ya koɗe, amma ƙullin zarenta na nan a jere reras kamar yadda mai ita ya ɗaura su.

Yaya ba 'yar'uwata ba ce, maƙwabciyata ce a gidan hayar da muke, girma ne ya sa nake kiranta haka. Mijinta kuwa kowa Mai Katifa yake ce masa. Rumfarsa tana bakin layinmu. Ni nake ɗinka masa rigunan katifa a kekena, shi ya buge auduga da sanda har ta tashi, ya cusa, ya bi da basilla yana ƙullawa. Mutum ne mai tsokana. Idan ɗinkina ya ɗan goce sai ya ɗaga yadin a gaban mutane ya tambaya ko da ƙafa na ɗinka. Ni kuma ba a bar ni a baya ba wajen baki, sai in ce masa ai gemunsa ya fi katifunsa auduga. Abin da ya tsana a duniya katifar soso. Ya ce soso na wanke-wanke ne, ba na kwanciyar ɗan Adam ba.

Da daɗewa an taɓa yi masa aiki aka cire masa maɗaciya. A wajen aikin aka sami matsala a 'yar hanyar da ruwan ɗacin yake bi daga hanta ya sauka hanji, sai da aka sake buɗe shi aka gyara. Ya warke sumul. An ce ya riƙa komawa ana duba shi, ya je na ɗan lokaci, da ya ji garau ya daina. Wa zai ga laifinsa? Mutum na cin abincinsa yana ɗaga dami.

Sai ƙaiƙayi ya fara.

To, mai aikin auduga ya ce jikinsa na ƙaiƙayi, me mutum zai ce? Duk layin muka ce auduga ce. Yaya ta fi kowa yarda, kuma ita idan ta yarda da abu yaƙi take yi. Ta canza masa sabulu. Ta hana shi shiga ɗaki da kayan aiki, sai ya tuɓe a bayan ƙofa ya yi wanka tukuna. Ta fitar da matasan kai. Zazzaɓi mai sa karkarwa yakan zo masa jefi-jefi, a sayo magani a kantin magani, ya lafa, a ce sauro ne. Susa kuwa ba ta lafa ba. Har a rumfa nakan gan shi yana goga tafin ƙafarsa a gefen benci, yana cije leɓe.

Rannan Yaya ta sayo katifar soso, ta ja tsohuwar ta kawo mini. Katifar aurensu ce, shi ya yi ta da hannunsa. Yana tsaye a tsakar gida lokacin da muke cusa ta ɗakina. Na zaci zai yi faɗa. Bai yi ba, cewa kawai ya yi, "Tun ina yaro nake cikin auduga, ba ta taɓa cizona ba." Yaya ta ce lafiyarsa ta fi mata katifa, zancen ya mutu a nan. Daga ranar ya daina tsokanata a kan ɗinki, abin ya dame ni fiye da yadda na nuna.

Sai da idanunsa suka yi ɗorawa, cikinsa ya fara tasowa ƙafafunsa suka kumbura, sannan aka tafi babban asibiti. Ni na raka su. Aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki, aka saka shi cikin wata na'ura mai ƙara. Likitar mace ce, ba ta da gaggawar magana. Ta ga tabon aikin a cikinsa, ta tambayi yaushe aka yi. Ta tambaye shi inda ya fi yi masa ƙaiƙayi, ya nuna mata tafin hannu da tafin ƙafa. Yaya ta yi caraf ta ce aikin auduga yake yi, amma ta raba shi da ita a gida.

Likitar ta dube ta a hankali. "Mama, ba daga waje yake ba. Daga cikin jininsa ne."

Ta zana mana a bayan hannunta da yatsa. Wurin da aka ɗinke a wancan aikin ne ya yi tabo, tabon yana tsukewa kaɗan-kaɗan, ruwan ɗacin ya rasa hanya yana komawa cikin hanta da jini. Shi ne ƙaiƙayin, shi ne kuma zazzaɓin nan mai karkarwa. Da an zo da wuri da an buɗe hanyar. Yanzu hantar ta taurare, dashen wata ne kawai zai yi, jikinsa kuma ba zai ɗauki wannan aikin ba. Yaya ba ta yi kuka a ofishin ba. A bakin famfon asibiti ta durƙusa, ta riƙe zanina tana cewa shekara da shekaru tana faɗa da matashin kai, ciwon yana cin mijinta a gabanta. Wallahi tausayinta ya fi ƙarfina, na kama ta na ɗaga.

Likitoci sun yi abin da za su iya. Aka huda gefen cikinsa aka saka siririyar roba, ruwan ɗacin yana sauka cikin wata jaka, kore-kore mai duhu. Aka zuƙe ruwan da ya taru a ciki, aka ba shi magunguna. Ƙaiƙayin ya ragu sosai, aka sallame mu. Amma barci ya ƙi. Soson yana lotsawa da shi, yana tara zafi, robar tana tokare shi duk ta inda ya juya. Kullum da safe idanunsa a buɗe, jajaye a cikin ɗorawar, ya rame har basilla ta fi ƙarfin yatsunsa. Likita ta ce abin da ya rage a yi masa shi ne a sama masa hutu, hutun kuma ya gagara.

Bai roƙi katifar ba. Ni ce na shiga gaishe shi da hantsi, ya tambaye ni da 'yar muryarsa ko tana nan, ko ina shanya ta a rana. Yaya tana bakin gado tana juye jakar. Ta ajiye, ta wanke hannu, ta wuce ɗakina ko sallama babu.

Haka muka jawo ta, muka shanya, muka kakkaɓe. Bayan azahar muka jingine soson a bango muka shimfiɗa ta, muka kama shi mu biyu muka kwantar. Ya shafa yadin da tafin hannu, yana bin ƙullin ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya a wani wuri da ya lotsa.

"Tela, gefe ɗaya kike kwana kamar buhu. Kin ɓata mini aiki."

Na ce masa aikin ne dama ba shi da ƙwari. Ya yi dariya har jakar tana motsi, ni kuwa na juya fuska bango don hawaye sun zo mini.

Yaya ta durƙusa a gefensa. "Maigida, ka yafe mini. Na raba ka da ita a banza."

"Ke da kika wanke ni da sabulu kala-kala?" ya ce. "Da kin san inda yake, da can kika kai yaƙin. Zauna nan, gefenki ne."

Ta zauna. Kafin la'asar ya yi barci, bakinsa a ɗan buɗe, hannunsa ɗaya a kan yadin. Muka hana yaran gidan buga ƙofa, na rufe kekena ban taka shi ba ranar. Ya yi 'yan kwanaki a haka, ya farka ya sha ruwa kaɗan ya koma. Wata safiya, rana ta ɗan ɗaga, Yaya ta leƙo ɗakina ta ce in zo. Ina ganin fuskarta na gane. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Mai Katifa.

Da masu gaisuwa suka ragu, muka fitar da katifar tsakar gida ta sha rana. Na ɗauko sandarsa ta bugun auduga, don shi ya koya mana cewa katifa idan ta lotsa a buge ta ta tashi. Na ɗaga ke nan Yaya ta riƙe mini hannu.

"Bar ta tukuna," ta ce.

A gefen dama wurin kwanciyarsa yana nan, kwarin kafaɗa da na ƙugu. Na jingine sandar a bango. Ta zauna a bakin katifar, ta tsinci wani ɗan silin auduga da ya leƙo ta wajen ƙulli, ta mayar da shi ciki da yatsa.